Huda Tara a Fatar Ragon Suna

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗiyata ta fari ba, kuma ko na so in manta, mutanen Rawayau ba za su bar ni ba. Yau dai zan feɗe muku biri har wutsiya (wannan ce fiɗa ɗaya tilo da na tabbatar na iya).

Ni malamin makaranta ne a Dutsin-Ma, kuma ina da ciwo guda, son wuƙaƙe. Wasu ƙwallo, wasu tattabaru, ni wuƙa. Akwai 'yar mai naɗewa da ba ta rabuwa da aljihuna, ita nake fere lemo da fiƙe fensir. Akwai mai 'ya'ya da yawa, ka zaro almakashi nan, ka zaro sukundireba can, har da ɗan tsinken sakace. Akwai siririya da nake tafiya da ita bakin dam in na raka abokai kamun kifi (ko tarwaɗa ɗaya ban taɓa kamawa ba, amma wuƙar kullum a shirye take). Sai kuma gimbiyarsu, wadda na yi oda ta waya na yi wata biyu ina jira: doguwa, baƙa wuluk, mai kube, ga tsini kamar ƙaya, ga haƙora a gadon bayanta irin na zarto. An ce ta mafarauta ce. Nakan zare ta a ofis in aske gashin hannuna a gaban malamai don su ga kaifi, har hannuna na hagu ya zama sumul, na dama yana nan da gashinsa.

Kuma fa ba na yin shiru. Duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da ni sai ya sha lacca a kan ƙarfen da ba ya tsatsa da ƙotar da ba ta santsi. Wuƙar maƙeri kuwa, irin wadda ake shimfiɗawa a kan buhu ranar kasuwa, ban ɗauke ta wuƙa ba. Cewa nake ƙarfe ne kawai aka daka.

To, matata ta tafi gidansu a Rawayau ta haihu a can, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, don haka a can aka shirya suna. Mahaifinta malamin allo ne, kowa Malam yake ce masa, mutum ne mai shiru, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ana gobe suna na kai rago daga Dabawa, fari tas, babu ɗigon baƙi ko ɗaya a jikinsa.

A al'adar garin, fatar ragon suna ta ungozoma ce, tare da kai da ƙafafu. Ungozomar kuwa Iya Kulu ce, tsohuwar da ta yanke wa matata cibiya, yanzu kuma ta yanke wa ɗiyata. Da ta ga ragon a ɗaure sai ta zagaye shi sau biyu tana shafa bayansa, ta dubi Malam ta ce, "Wagga hwata ta buzu ce, Malam. Nawa ya mutu tuni, gwiwoyina sun gaji da sallah bisa tabarma. A gaya ma mai hiɗa ya bi min ita sannu."

Malam ya ce, "Kin samu buzu, Iya, in sha Allahu."

Washegari da hantsi aka taru, aka yi addu'a, aka raɗa suna (ba zan faɗe shi ba, ɗiyar fari ce), aka raba goro da dabino. Aka yanka ragona, aka yanka wani bunsuru da Malam ya ƙara saboda baƙi. Sai dai Baba Nomau, mahaucin da zai zo daga Wurma ya yi fiɗa, shiru babu labarinsa. Aka ce babur ɗin da ya ɗauko shi ne ya yi faci a hanya. Rana na ta ɗagawa, mata na ta aiko wa daga cikin gida cewa tukwane na kan wuta.

Nan ya kamata ku tambaye ni abin da nake yi a wurin. Uban ɗan fari ba ya tsayawa a fili ranar suna. Wurinsa shi ne zauren maƙwabta, ya ɓuya cikin abokai yana sunkuyar da kai. Ni kuwa ina tsaye ƙiƙam a gindin darbejiya, ga gimbiya a ɗaure a ƙuguna ƙarƙashin babbar riga (kada ku tambaye ni abin da ya sa mutum zai je sunan ɗiyarsa da wuƙar farauta, ni ma na tambayi kaina ban samu amsa ba).

Lawal ƙanin matata, ɗan kasuwar hatsi, abokin wasana ne, ya fi kowa shan laccata. Shi ne ya ɗaga murya ya ce, "Wai mi ake jira? Ai muna da gwani a nan. Tica, ina wuƙar nan taka da ka ce tana feɗe zaki?"

Barewa na taɓa ce masa, ba zaki ba, amma ban gyara ba.

"To ga fili ga mai doki," in ji shi.

Da ina da hankali da na yi dariya na zame. Ko kaza ban taɓa figewa ba. Iyakar ilimina na fiɗa shi ne hotuna masu motsi da na kalla a waya ina kwance a kan kujera. Amma idanu sun riga sun juyo kaina, kuma wani abu a ƙirjina yana ta ce mini yau ce ranar da aka sayi wuƙar nan dominta. Karambanin akuya, gai da kura. Na tuɓe babbar riga na miƙa wa Lawal, na naɗe hannun kaftani, na zare ta a hankali yadda rana za ta haska bakinta. Na ji ana "Masha Allah" ta ko'ina. Wani dattijo ya matso ya ce, "Wagga ta yaƙi ce?" Har na tsaya na yi masa bayani.

Tsagar farko daga ƙirji ta tafi lafiya lau, har na ɗago kai na dubi jama'a. Daga nan na kama bakin fatar na ɗaga, na cusa wuƙa ƙarƙashinta. Sai kawai na ga tsinin ya leƙo ta ɗaya gefen, a tsakiyar farin gashi. Na yi maza na dafe wurin da hannu kamar ba abin da ya faru. Na matsa gaba kaɗan, ya sake leƙowa. In na yi nesa da fata sai in yanko tsoka ta biyo ta, in na matso kusa sai in huda. Haƙoran nan na baya da nake alfahari da su suka riƙa kama gashi suna tsigewa. Gumi ya shiga idona. Hirar da ake yi ta ragu, ta ragu, har ta mutu. Wanda ya san taron suna ya san ba a yin shiru a cikinsa sai da dalili. Malam yana zaune a ƙofar zaure yana jan carbi, bai ɗago kai ba.

Ana cikin haka Baba Nomau ya iso. Ɗan ƙaramin tsoho ne, kaftaninsa ya koɗe, takalminsa na tayar mota. Ya durƙusa ya gai da Malam, ya ba da haƙuri, ya zo ya tsaya a kaina. Kallo ɗaya ya yi wa aikina ya ce, "Sannu da aiki." Ya wuce wurin bunsurun.

Ya warware wani tsumma ya fito da wuƙarsa. Ƙirar maƙeri ce, daga tsohon ƙarfen sifirin na mota, gajera, an naɗe ƙotarta da roba. Washi ya cinye ta har ta sirance kamar ganyen dawa, kuma ba ta da tsini sam, bakinta a zagaye yake. Ya goga ta sau biyu a kan dutse. Ya yi wata 'yar tsaga a ƙafar baya, ya zura siririn itace ƙarƙashin fata ya motsa, ya zare, sannan ya kafa bakinsa a wurin ya fara hurawa. Ina kallo bunsurun nan ya riƙa tashi, ya kumbura ya yi tim kamar salka. Ya ɗaure ƙafar, ya bubbuga jikin da tafin hannu ko'ina. Ya ja layi ɗaya daga wuya zuwa wutsiya, ya zagaye ƙafafu. Daga nan sai ya ajiye wuƙar a kan faranti.

Ya ajiye ta fa. Ni da nake jiran in ga yadda gwani ke sarrafa wuƙa, sai na ga gwani ya dunƙule hannu ya tura shi tsakanin fata da nama. Yana turawa fata na sakin jiki, babu gardama, babu jini, babu ko sili na tsoka a jikinta, kamar ana tuɓe wa mutum riga. Yana yi yana hira da wani a kan geron bana, bai ma cika duban hannunsa ba. Wallahi ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba. Tsikar jikina ta tashi. Na manta da kunyata, na manta da jama'a, na tsaya baki buɗe da wuƙa a hannu ina kallon yatsun tsohon nan masu kanta, ina tunanin shekara nawa suka yi kafin su san hanyar da ido ba ya gani. Kafin a tafasa shayi ya shimfiɗa fatar a ƙasa, sumul, ya kuma wanke hannu.

Sannan ya dawo wurina. "Kawo in kama maka, ɗana." Ya karɓi gimbiya, ya juya ta, ya gwada bakinta da babban yatsa. Ya ce, "Yuƙa ce mai kyau. Ta hi tawa kaihi nesa ba kusa ba. Sai dai hwata ba kaihi take so ba, hannu take so. Ita da tsini kuwa ba su ga maciji." Ya miƙo mini ita da hannu biyu, cikin girmamawa. Da dariya ya yi mini da ta fi mini sauƙi. Ya ƙarasa ragon da dunƙulen hannunsa, rabin da ban taɓa ba ya fita lafiya.

Iya Kulu ta fito karɓar rabonta, tana ɗingishi tana murmushi. Ta ɗaga fatar sama ta saitin rana, sai haske ya ɓullo ta wurare da yawa. Ta fara ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, har tara. Ta kara idonta a huda mafi girma ta leƙo ni ta ciki.

"Angon ƙarni," ta ce, "buzu na ce a hiɗe min, ko rariya?"

Wurin ya fashe da dariya, Lawal har da zama a ƙasa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma abin da ya fi dariyar ciwo shi ne abin da ya biyo baya. Iya Kulu ba ta yi dariyar ba. Ta sauke fatar, ta shafa farin gashin a hankali, ta ninke ta, ta ce a ƙasa-ƙasa, "Ba komai. Allah bai nufa ba." A lokacin na gane ba wasa na ɓata ba. Tsohuwa ce ta kwana tana murna, ni kuma na zo na yi wasan kwaikwayo da rabonta. Na so in yi magana, amma wace magana suruki zai yi a gaban surukinsa bayan wannan?

Sai Malam ya miƙe. Ya sunkuya ya ɗauki buzun da yake zaune a kai, ya kaɗe shi, ya ninke. Buzun nan a kansa yake ba da karatu tun kafin a haifi matata, kuma duk tsufansa gashinsa na nan da laushi. Ya taka har gaban Iya Kulu ya ce, "Iya, buzu na yi maki alkawari. Ga shi. Ki ba ni waccan."

Ta ja da baya. "Haba Malam, wace ce ni da zan hau buzunka?"

"Gwiwoyinki sun fi nawa buƙata. Karɓi."

Ta karɓa da hannu biyu, idonta ya ciko. Babu wanda ya ƙara dariya. Malam ya miƙa wa Lawal fatar mai huda ya ce a kai wa majemi, ya koma ya zauna a kan tabarma tsura, ya ci gaba da jan carbinsa. Ko inda nake bai duba ba, kuma har yau bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Aka jeme fatar, Malam ya hana a yi mata faci. A kanta yake zama yanzu. Ɗiyar da aka yi wa sunan ta shiga firamare, wuƙaƙena suna nan ban zubar ba, amma lemo da fensir kaɗai suke gani, lacca kuwa na rufe makarantar. Na koyi cewa in ana yabon wuƙarka, ka tsaya ka tuna ko an taɓa yabon hannunka. Na kuma koyi cewa surukin da ya zage ka ya yi maka rangwame, don zagi rana ɗaya ne. Shi Malam rufa mini asiri ya yi, ya kuma zauna a kai. Duk lokacin da na je gaishe shi dole in durƙusa in sa idona ƙasa, kamar yadda ladabi ya ce, kuma abin da ke ƙasan ke nan. Da Sallar da ta wuce na sake ƙirgawa yana amsa gaisuwata. Har yanzu tara ne.