Garkuwan Itatuwa a Gaban Kyamara

Duk ƙasar Daura ba a taɓa yin masoyin daji kamar Alhaji Ma'aruf ba, kuma da bakinsa ya faɗa. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a aka ba shi aikin lura da lafiyar wani gandun daji a wajejen Baure. Kafin wata ya mutu ya naɗa wa kansa sarautar Garkuwan Itatuwa.

Aikin ba wuya. Akwai turken siminti a bakin gandun. Kowace kaka a tsaya nan a ɗauki hoton dajin a aika hedikwata, su gwada da na bara, su ga abin da ya ƙaru da abin da ya ragu. Amma Garkuwa ya ga rashin ɗa'a ne a tura wa manya hoton daji tsirara, babu jami'i a gabansa.

"Sada, ɗauke ni daga hula har takalmi," haka yake ce wa mai hoto. "Daji ba shi da fuska. Ni ne fuskarsa."

Sai Allah ya haɗa jininsa da masu gawayi. Bayin Allah nan ba sa wucewa sai sun ajiye masa zabbi da man shanu, wata rana har rago. Ya ci ya yi hamdala, yana mamakin yadda talakawa ke ƙaunar ilimi. Wuya ya yi kauri, tumbi ya yi gaba, tela ya ƙara yadi. A hoton farko ana ganin ɗorawa da marke dama da hagu. Bayan 'yan shekaru, reshe ɗaya ke leƙowa ta bayan kunnensa. Daga nan sai shadda zalla daga gefe zuwa gefe, kuma koriya yake zaɓa.

Da ya ga koren ya cika hoto, sai ya nemi a ɗaga gandun ya zama na ƙasa, a ba shi shugabanci. Har ya fara gwada sabuwar tafiya irin ta manya. Hedikwata ta turo masu dubawa, wata Hajiya Haulatu ce a gaba. Suka iso da rana tsaka, ya tarbe su a jikin turke, ya baza riga.

"Hajiya, abin da ke bayana amana ce. Wallahi tsabar yarda da aikina, ko waiwaye ban taɓa yi ba!"

"Ɗan gusa mu gani, Alhaji."

Ya gusa, ya waiwaya. Kututture har iyakar gani, sai rairayi, sai wata akuya tana kallonsa. Shugabancin ya bi iska.

Rana ta dake su. Baƙin suka duba gabas da yamma, sannan ɗaya bayan ɗaya suka lallaɓo suka fake a gefensa.

"Don Allah kar ka motsa, Alhaji," in ji Hajiya tana share gumi. "Kai kaɗai ne inuwar da ta rage a gandun nan."