Rasuwar Gwaggo ta Ɗakin Ƙarshe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kaina a ɗage, nake sanar da ma'aikata da ɗaliban wannan jami'a cewa yau Alhamis, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe, ana yayyafi, Gwaggo ta cika. Ga wanda bai san ta ba, ita ce tsohuwar kwamfutar da ke ajiye sakamakon ɗalibai, wadda injiniyoyi ke ce wa saba. Tana ɗakin ƙarshe na sashen kwamfuta, kusa da inda nake ajiye tsintsiya. Shekararta sha huɗu a bakin aiki. Bakwai daga ciki ni nake share mata ƙura.

Na ga takardar da aka manna a allo tun ranar Talata, wai ta mutu ran Litinin, wai kuma dama hatsari ce ga tsaron bayanai. Karatuna bai yi nisa ba, sai da na karanta sau uku kafin na gane. Ban yarda da ranar ba, ban yarda da zargin ba.

Marigayiyar mai riƙon amana ce. Ta san wanda ya faɗi lissafi sau biyu kuma yau shi ne babba a ofis, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Sau ɗaya aka taɓa shiga bayanan makarantar nan ba izini, kuma kowa a sashen ya san ba ta wajenta aka bi ba. Ogan sashenmu ne ya rubuta kalmar sirrinsa a 'yar takarda ya liƙa a jikin allon kwamfutarsa. Ni na cire takardar da hannuna ina goge tebur. Ban faɗa ba a lokacin. Yau da ake ɗora wa mamaciya laifi, na faɗa.

Tana da halinta, ban musa ba. Ba ta son zafi, ba ta son gaggawa. In wuta ta ɗauke ta mutu, ba a tashinta da garaje. Sai an tokare ƙofa da bulo, an juyo mata fanka, an bar ta ta sha iska kamar minti goma. Sannan a danna maɓalli sau ɗaya, ta ce “gurrr”, ta yi shiru. A nan kowa ke kuskure, ya ɗauka ta ƙi, ya hau dannawa. Jira ake yi. Can za ka ji “ƙit, ƙit”, kamar tsohuwa na gyaran murya, sai a sake dannawa, ta ce “tiit”. Shi ke nan, ta tashi. Saboda haka na rubuta a kwali na rataya mata: Kada a kashe, a nemi mai shara.

Ciwon ajalinta ya fara ran Litinin, da 'yan kwangila suka zo sabunta tsari, a mayar da komai sabuwar na'ura. Mutanen kirki ne, sun gaishe ni. Amma sun karanta kwalin sun yi dariya, ɗaya har ya ɗauki hoto. Suka kashe ta alhali ba a gama kwashe bayananta ba. Da suka lura shekaru shida na farko ba su shigo ba, suka koma suka yi ta dannawa, ƙofa a rufe. Ina tsaye da bokiti na ce a bar ta ta huce tukuna. Aka ce in je in share baranda. Washegari aka rubuta ta mutu, aka sa ranar huda faifan da take ajiye bayanai a ciki, don kada sirrin mutane ya faɗa hannun masu gwangwan.

Ran Laraba wata baiwar Allah ta zo da goyo. Tsohuwar ɗaliba ce, ta samu aikin jinya a wani asibiti, an ce ta kai takardar sakamakonta kafin Juma'a ko a ba wani gurbin. Aka duba sabuwar na'ura, babu sunanta, kamar ba ta taɓa zama a aji ba. Ta zauna a bencin baranda tun safe har la'asar. Ba ta yi kuka ba, jijjiga yaron kawai take yi. Sau biyu ina ce mata ta ɗaga ƙafa in share.

Yau da hantsi na samu ƙaramar injiniya, wadda ba ta daɗe da fara aiki ba, na roƙe ta awa ɗaya. Ni ban san kalmar sirri ba, ba na kuma so in sani, nawa tashin ne kawai. Ta nemi izinin Oga, ya ce mu je mu ɓata lokacinmu. Na tokare ƙofa. Na juyo fanka. Na danna, ta ce “gurrr”, ta yi shiru. Injiniya ta miƙa hannu za ta sake dannawa, na tare mata hanya da sandar tsintsiya. Muka tsaya. Ban taɓa jin shirunta ya yi tsawo haka ba. Sai “ƙit”. Sai wani “ƙit” ɗin.

Awa ɗaya da minti goma ta yi a farke. Injiniya ta kwashe shekaru shidan tsaf. Da aka gama, fankar cikin Gwaggo ta yi wani dogon “fuuu”, fitilarta ta mutu. Na gwada har sau uku, yadda take so. Ba ta amsa ba. To wannan ce ranar rasuwarta, a gyara allo.

Ta rasu ta bar fanka mai karyayyen wuya, da bulo ɗaya, da firintar da suka fara aiki tare, wadda ita ma jikin sai a hankali. Ta bar sabuwar na'ura, wadda ba ni da faɗa da ita, zan share mata ƙura kamar kowa. Ta bar ɗalibai dubbai da ba su san da ita ba, sai ni.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a ƙarfe tara na safe a bayan sito, inda mai gyaran wuta zai huda faifan. Wannan kam na yarda da shi. Ta riƙe sirri tana raye, gara ta tafi da abinta. Amma ni zan ɗauke ta, a kan hannu, ba a baro ba. 'Yan kwangila in za su zo, su zo ba kyamara. Ba zaman makoki, kowa ya koma aikinsa, kuma mai takarda liƙe a allon kwamfutarsa ya cire.

Takardar matar nan ta fito ɗazu, an buga mata hatimi a ofishin rajista. Ruwa ya ƙaru, sai na sa ambulan ɗin a leda na kai mata bakin get, inda take jira. Ta karɓa, ta duba sunanta, ta gyara goyo, ta ruga ta tari mota. Na dawo na ɗauke bulon na rufe ƙofa.