Yadda Za Ka Fito Babban Mutum a Littafin 'Yan Ajinku

Saƙo ya shigo wayarka daga sakatariyar ƙungiyar 'yan ajinku. An cika shekara talatin da gama jami'a, za a yi taro, za a kuma buga ɗan littafi. Kowa ya aiko da hotonsa da 'yan layuka kan inda rayuwa ta kai shi. Tun da ka karanta kake zagaye shago kamar kaza mai jin ƙwai. Kwantar da hankalinka, ka zo wurin masani. Idan ka bi matakan nan ba tare da ka cusa naka wayon a ciki ba, na yi maka alkawari za ka fito babban mutum a littafin, kuma babu mahaluƙin da zai ji tausayinka. Wannan na ƙarshen ina ba da cikakken tabbacinsa.

Mataki na ɗaya: Ka san abin da zai kai ka

Ba kewar kowa kake yi ba, mu daina yaudarar juna. Rabin mutanen nan ko karo kuka yi a hanya ba za ka gane su ba, sanƙo da ƙiba sun cinye kamannin da ka sani. Mutum ɗaya kake nema: Gyangyaɗi, wanda yake zama a bencin baya yana barci tun daga shigowar malami har fitarsa, wanda kullum littafinka yake ara ya kwafa. Yau shi ne mai masana'antar sabulun da ake ganin motocinta a kowane titi. Kai kuwa, mai digiri a tattalin arziki, tun da kamfanin da ka yi wa aiki ya rufe kake zaune a shagon buga takardu a ƙarƙashin matakalar wani bene, da inji ɗaya mai tari.

Kana da babbar 'ya da ta karanta kimiyyar sinadarai, ta fito da sakamako mai kyau. Ta kai takardun neman aiki har ta daina gaya muku inda ta kai. Yanzu ita take zuba wa injin hodar tawada, ita take zaro takarda idan ta maƙale. Masana'antar sabulu kuwa tana da ɗakin gwaji. Ka ga inda zancen ya dosa.

Wani marar ilimi zai ce ka ɗauki waya ka kira tsohon abokinka ka gaya masa halin da ake ciki. Kada ka saurare shi. Manya da manya suke hulɗa. Sai ka fara zama ɗaya daga cikinsu, sannan a yi maganar yarinya tsakanin tsara da tsara, ana dariya.

Mataki na biyu: Kada ka yi ƙarya, sauya wa abubuwa suna kawai

Ƙarya aikin ƙananan mutane ce. Kai sabuwar riga za ka saka wa gaskiya.

Shago ya zama kamfani. Ƙarƙashin matakala ya zama "babban ofishinmu da ke wani bene a tsakiyar gari", kuma wa zai ce ba bene ba ne? Ai ƙurar takalman masu hawansa a kanka take sauka. Ɗaliban da suke kwafar takardun jarrabawar bara, da tsohon nan da yake zuwa da takardun shari'ar filinsa, su ne "abokan hulɗarmu a ɓangarorin ilimi da shari'a".

Ka daina cewa "ni". Mai cewa "ni" shi kaɗai yake buɗe ƙofa da safe ya yi shara. Ka ce "mu", mai karatu zai cike sauran ma'aikatan da kansa. Ka kuma guji kalmomin nan na marasa galihu, irin su "ana lallaɓawa" da "ana rufa asiri". Ka rubuta "muna duba yiwuwar faɗaɗa harkokinmu". Kowa yana duba yiwuwar wani abu, ba a kama mutum a kansa.

Mataki na uku: Hoto

Kada ka je gidan hoton nan mai tebur da zanen kantar littattafai a bango. A wani aji da na sani, mutum biyar suka fito zaune a kan kujera ɗaya, da tukunyar fure ɗaya, kowa yana riƙe da wayar tebur ɗaya marar igiya.

Ƙanin matarka yana aiki a wani ofis mai labule da kujera mai juyawa. Ka roƙe shi ya shigar da kai lokacin da maigidansa ya fita cin abinci. Ka kifar da hoton iyalin mutumin, ka ɗauki biro, ka kalli gefe kamar wanda aka katse masa muhimmin aiki. Kada ka yi murmushi. Mai murmushi a hoto nema yake yi.

Idan ka dawo gida za ka nuna wa matarka, saboda kai ma mutum ne. Za ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baban yara, wannan ai kamar an ba ka ajiyar kujerar ne. Ko jingina ba ka yi ba."

Ka ce mata haka manya suke zama.

Za ta ce, "Ni dai da ka kira mutumin nan kawai. Ba ka ce har rigarka yake sawa ba?"

Ka karɓe hotonka. Mata ba su san yadda harkar sama take tafiya ba, wai su a tunaninsu idan kana buƙatar abu sai ka faɗa.

Mataki na huɗu: Kada ka manta da yara

Wannan shi ne layin da kowa yake fara karantawa, don a nan ake gane wanda ya ci rayuwa da wanda rayuwa ta ci. Za ka ga 'ya'yan mutane duk likitoci ne da injiniyoyi, wanda ma yake kwance a falo yana danna waya "yana shirin wucewa digiri na biyu". Ba za ka shiga cikin wannan sahu ka rubuta cewa taka tana gida ba. Babban mutum ba ya da 'ya mai zaman gida.

Ka ba 'yarka takardar ta buga maka a kwamfuta, tunda hannunta ya fi naka sauri. Za ta yi ta bugawa, ta wuce kamfani, ta wuce bene, ta wuce abokan hulɗa. Idan ta iso layin ƙarshe, inda ka rubuta cewa 'yarka ce shugabar sashen bincike na kamfanin, yatsunta za su tsaya.

"Baba, wane ne sashen bincike?"

"Ke ce mana. Idan inji ya tsaya wa yake binciko abin da ya same shi?"

Za ta yi 'yar dariya, don tana sonka. Sannan ta ce, "Amma idan an rubuta ina shugabantar sashe, ta yaya za a san ina neman aiki?"

Tambaya ce mai nauyi, shi ya sa ba a amsa irinta. Ka ce mata, "Ke dai buga. Ki bar mini sauran, na san mutumina." Za ta buga. A ranar ma za ta sake fitar da takardunta na neman aiki, ta buga su a farar takarda mai kauri da kuke ajiye wa manyan kwastomomi, ta sa a sabon ambulan. Za ka ji ta tana 'yar waƙa tana goge inji, abin da ka daɗe ba ka ji ba. Kada ka bari wannan ya taɓa maka zuciya, aiki ne a gabanka.

Mataki na biyar: Shiga zauren taro

Kai da 'yarka ku sauka daga motar haya kafin kwanar otal ɗin da ake taron, ku ƙarasa da ƙafa. Ka riƙe makullin tsohuwar motarka da ka sayar, ka riƙa kaɗa shi a yatsa. Idan an tambaye ka, ka ce ka aiki direba. Ka makara kaɗan. Wanda ya zo da wuri shi ake sa wa jera kujeru.

'Yarka ta biyo ka a baya da ambulan a cikin jaka. Ka gaya mata kada ta fito da shi sai ka yi mata alama da ido.

Mataki na shida: Ka nemo wanda za ka ji wa tausayi

Sakatariya za ta miƙa maka littafin a bakin ƙofa. Ka buɗe shafinka, za ka ga ka yi kyau. Sannan ka yi ta buɗawa har ka samu wanda bai karanta jagora irin wannan ba. Kowane aji yana da guda ɗaya. Naku shi ne Tsinke, wanda har yau bai ƙara ko ɗigon nama ba. Ya aiko da hoton da ya ɗauka a ƙofar shagonsa, buhunan abincin kaji a bayansa, ya kuma rubuta: "Na bar koyarwa, ina sayar da abincin kaji. Babban ɗana ya gama karatun sinadarai, yana gida bai samu aiki ba. A taya mu da addu'a."

Ka nuna wa na kusa da kai, ku girgiza kai tare. Ka ce, "Mutum ya tona wa kansa asiri haka a gaban tsararsa?" Idan Tsinke ya zo gaishe ka, ka dafa kafaɗarsa ka ce komai lokaci ne. Daɗin da za ka ji a wannan minti shi kaɗai ya biya ka wahalar gugar rigar da ka saka.

Mataki na bakwai: Idan lokacin ya zo, ka riƙe bakinka

Wannan ne mataki mafi wuya, a nan raunana suke faɗuwa.

Gyangyaɗi zai iso a ƙarshe, kamar yadda ya saba zuwa aji. Zai hango ka daga nesa ya kira ka da sunan da babu wanda ya kira ka da shi tun kuna ɗaki ɗaya. Zai rungume ka da gaske. "Mutumina," zai ce, "da ba don littafinka ba, ai da har yanzu ina can ina maimaita shekarar farko." Mutane za su kewaye ku, sakatariya da masu manyan riguna duka.

Zai zaro littafin daga aljihu, a lanƙwashe, ya ce an aiko masa tun jiya. "Akwai gurbi ɗaya a ɗakin gwajinmu, na ce ba zan ba kowa ba sai ɗan ajinmu. Kai na fara dubawa, don na taɓa jin kana da mai karatun sinadarai. Sai na ga ashe kun wuce nan. Na yi murna ƙwarai. Na bi shafi-shafi, 'ya'yan kowa sun kama gabansu, sai yaron Tsinke. Na ce ya zo ya fara ranar Litinin."

Za a yi tafi. Kai ma ka yi.

Sannan zai juyo wajen 'yarka. "Ke ce shugabar sashen binciken? Masha Allah, 'yata. Na so in sace ki daga hannun babanki, amma na san ba zan iya biyanki abin da yake biyanki ba."

Za ta gaishe shi da ladabi, hannunta yana cikin jaka, a kan ambulan. Ba shi za ta kalla ba, kai za ta kalla. Tana jiran alamar da ka ce za ka yi mata.

Magana ɗaya ce za ta taso maka: "Mutumina, zo gefe mu yi magana." Gajeriya ce, kuma zai zo, ka san zai zo, wataƙila ma ya nemo gurbi na biyu. Amma dubi mutanen da suke tsaye. Dubi wanda kuka girgiza kai tare da shi ɗazu. Shekara talatin ka yi kana jiran ranar da za su kalle ka haka, kuma za ka zubar da ita a kan ambulan? Ka haɗiye maganar. Ka kaɗa makulli, ka yi dariya irin ta manya, ka ce, "Ai ba zan sake ta ba, ita ce ƙashin bayan kamfanin."

Za a sake yin dariya. Hannunta zai fito daga jaka babu komai. Ka ci nasara.

Mataki na takwas: Washegari

Bayan taro ku koma gida a motar haya, kada ka tsokano wa 'yarka zancen. Matarka za ta tarye ku a ƙofa da tambaya a fuska, ta kalli 'yarta sau ɗaya, ta koma ciki. Ka miƙa mata littafin ta ga shafinka. Idan ta ajiye shi ba ta buɗe ba, ka ce gajiya ce.

Da safe ku buɗe shago kamar kullum. Inji zai yi tarinsa, takarda ta maƙale. 'Yarka za ta durƙusa ta zaro ta, ta hura ƙura, ta nemi takardar banza da za ta gwada shi da ita. Za ka ga ta buɗe jaka, ta fito da ambulan ɗin, ta zaro farar takardar nan mai kauri, ta juya bayanta ta saka a inji.

"Bari in ba ki wata," za ka ce.

"A'a Baba, bayanta fari ne, kada a yi asara." Inji zai ja ta ya fito da ita. Za ta duba ta ce, "Ya gyaru. Kamfani zai iya fara aiki."

Ba da gatse za ta faɗa ba, shi ne abin da zai fi yi maka ciwo. Ka fita ka tsaya a bakin matakala kamar mai jiran wani, har fuskarka ta koma daidai.

Sanarwa

Mai wannan jagora ya yi alkawarin abu biyu, kuma duka ya cika: ka fito babban mutum a littafi, babu kuma wanda ya ji tausayinka. Bai taɓa cewa za a samu aiki ba, koma sama ka duba. Shirun da za a yi maka a gida, da waƙar da ba za ka ƙara ji a shago ba, da kiran da Gyangyaɗi zai yi maka nan gaba yana roƙon ka ɗauki ɗan ƙanwarsa a kamfaninku, duk babu hannuna a ciki. Mai ƙorafi ya kai wa sashen bincike. Shugabar tana nan kullum, ba ta zuwa ko'ina.