Babbar Riga a Gonar Shinkafa

Ba zan taɓa mantawa da ranin da na ji wani shiri a rediyo ba, ana hira a kan wani marubucin ƙasar Ayalan. Aka ce duk mutanen da ke littattafansa maƙwabtansa ne, da waɗanda yake hira da su a gidan shayi. Yana zaune shiru, ashe kwashe su yake yi.

Nan take na tuno wani abu. Ɗan yayata Sagiru, malamin makaranta a nan Bunkure, littafi yake rubutawa, kuma kullum yana majalisarmu ya yi shiru. (Ni kuwa mutum ne da ke komawa gona sau biyu don in tabbatar na toshe ruwan da na san na toshe.) Na ce shi ke nan, yaron nan zai sa ni a littafi da gajeren wando da taɓo har gwiwa, jikoki su karanta.

Sai na gyara hali. Na daina musu a majalisa. Na koma tafiya ban ruwa da babbar riga da hula, ko da Sagiru zai biyo ta bakin kanal, hanyar ruwan gonakinmu. Uwargida ta ce, "Malam, ɗaurin auren wa ake yi a gonar shinkafa?" Na ce mata tsafta ce.

Bayan girbi Sagiru ya ce zai karanta mana babi guda. Ya fara labarin wani dattijo da ke shiga taɓo da babbar riga, ya tattare ta a kai kamar gammo, yana waiwaye kar a gan shi. Kowa a majalisa na danne dariya.

Na miƙe na ce, "Wallahi ba ni ba ne!"

Malam Idi mai tumatir ya ce, "To, Alhaji, wa ya ce kai ne?"

Aka tuntsire. Har mai shayi sai da ya ajiye buta.

Sagiru ya ce, "Kawu, da ba ka cikin littafin fa. Kwalliyar ce ta ja hankalina."

Yanzu littafin ya fito, kuma mata sun fi son dattijon nan a kan kowa, har uwargida. Na haƙura, har na sayi nawa. Abin da na koya dai: in marubuci na kusa, ka zauna yadda Allah ya yi ka. Mai ɓuya yake fara gani.