Lotsewar da ba a ce a gyara ba

Jama'a, ku taya ni murna, ni ma manya sun taɓa ni. Ba hannu suka ba ni ba, a ƙofar mota suka taɓa ni, motar kuma ba tawa ba.

Ta surukina ce. Tun da na auri 'yarsa, Baba ko makullin kejin kajinsa bai taɓa ba ni ajiya ba. A ganinsa ni mutum ne da za a aika sayen ƙwai ya dawo da ɓawo. To ranar nan ciwon ƙafa ya matsa masa, layin mai kuma ya kai inda ya kai, sai ya kira ni ya miƙo makullin tsohuwar motarsa, wadda yake gogewa kullum kamar jaririya. Ya ce, "Ka zubo mai, ka dawo min da ita yadda ka ɗauke ta." Maiɗakina har da 'yar ƙwalla, yau dai mahaifinta ya yarda da mijinta.

Ina cikin layi, rana na gasa ni, sai ga jiniya. Mai Girma Babban Mai Yanke Ƙyalle ne da jerin motocinsa, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi. Shi ne ya yi mana alkawarin an daina bin layin mai, kuma bai yi ƙarya ba, shi kam ya daina. Motar 'yan rakiyarsa ta kutso ta gefena, sai na ji ƙum! Ƙofar gaba ta lotsa, har kwano za ka iya ajiyewa a wurin. Wani mai baƙin tabarau ya sauke gilashi ya ce, "Kai malam, ba ka iya tsayar da mota ba ne?"

Na ce, "Tuba nake, ranka ya daɗe." To me zan ce? Ai ni na kai ƙofata inda ƙarfensu zai wuce.

Da na samu man ban nufi gidan Baba ba, lungunmu na shige da motar. Maiɗakina ta leƙo, ta dafe ƙirji ta ce, "Baban yara, in Baba ya ga wannan, ko ni ba zan iya cetonka ba." Na buga wa babban gareji waya, kuɗin da suka faɗa sai da na nemi wurin zama. Kafin in ajiye wayar unguwa ta cika da injiniyoyi.

Tela maƙwabcina ne ya fara. "Kwantar da hankalinka, na gani a waya. Tafasasshen ruwa za a kwara, sannan a ja da robar nan mai sanda da ake zuƙe toshewar banɗaki." Aka ɗora tukunya, aka aro roba. Muka kwara ruwa, na manna, na tokare taya da ƙafa, na ja da iyakar ƙarfina. Robar ta saki, na tafi da baya na zauna daɓas a kwata. Lotsewar tana nan tana kallona. Tela ya ce ruwan ne bai tafasa da kyau ba.

Mai shago ya ce a cusa ƙwallo cikin ƙofar a hura mata iska. Aka rasa ta inda za a cusa ta. Sai wani tsohon direba da ke zaune a benci ya yi gyaran murya. "Ku duk wahala kuke sha. Ku yi mata gyaran manya mana."

Na ce, "Wane iri ke nan, Baba direba?"

"Ka samo hoton Mai Girma ka manna a wurin. Ba haka aka yi wa asibitin unguwa ba? Bango ya tsage, aka rufe tsagar da allon hotonsa yana murmushi. Kai ka ƙara ganin tsaga? In kuma kana son aiki mai inganci, ka kafa kwamiti ya binciki ƙofar."

Gaskiya shawarar ta shige ni, don hoton ne kaɗai abin da ake samu kyauta a garin nan. Abin da ya hana ni, Baba ya fi tsanar fuskar nan a kan lotsewa.

A ƙarshe dai aka tura ni wajen wani mai gyaran jikin mota da ake kira Guduma, can ƙarƙashin wata bishiya bayan kasuwa. Bai yi dogon surutu ba. Ya kwance murfin ƙofar ta ciki, ya naɗe bakin wani rodi da tsumma, ya zura ta bayan ƙarfen yana turawa a hankali, yana ɗan bubbuga gefen da gudumar roba. Sai ya karkata kai ya kalli yadda haske ke kwanciya a jikin fentin, ya sake turawa. Babu ƙyalle, babu jawabi, babu mai ɗaukar hoto. Abin da ya nema kuwa bai sa ni neman wurin zama ba.

Na zaga in wanke wandona da ya sha kwata. Ina dawowa na tarar da ƙofa sumul, shi kuma yana ta washe baki. "Yallaɓai, na ga wata tsohuwar lotsewa a baya, ɓangaren hagu. Na cire maka ita kyauta, don ka dawo."

Na rinƙa sa masa albarka. A hanya har ina tsara yadda zan sunkuyar da kai in Baba ya fara yabona.

Baba ya fito da sandarsa ya fara zagaya motar. Ƙofar gaba ko kallonta bai yi ba. Da ya isa baya sai ya tsaya. Ya ɗora tafin hannunsa a wurin, ya shafa, ya sake shafawa.

"Ina lotsewar da ke nan?"

Na kwashe labari duka na faɗa masa, tun daga jiniya har kwata. Ya bari na gama.

"Da ka kawo min ita da ta gaban, da na ce tsautsayi ne. Wannan ta bayan marigayiya matata ce ta yi ta, ranar da nake koya mata tuƙi, ta daki ƙofar gida. Dariya ta rinƙa yi har ta kasa fitowa daga motar. Duk safiya in na zo gogewa, a nan nake ɗan tsayawa."

Bai ɗaga murya ba, hannu kawai ya miƙo, na sa masa makulli. Wallahi na gwammace a ce zagina ya yi. Maiɗakina da ta ji, ɗaki ta shige ta yi kukan mahaifiyarta sabo.

Washegari na koma wajen Guduma na ce ko zai iya mayar da ita. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Yallaɓai, ni cirewa na iya. Masu lotsawa jiniya gare su."

Ku duba min wannan rabo. Duk wanda aka ba aiki a garin nan rabi yake yi ya kira 'yan jarida. Mutum ɗaya tal ya yi fiye da abin da aka sa shi, kuma a kaina ya sauka.

Don haka ina miƙa ƙoƙon barata ga Mai Girma: in za a sake fitowa shan mai, a taimaka a daki ta baya, ɓangaren hagu, daidai faɗin tafin hannu. Sai dai a yi haƙuri a je har gida, don makullin yanzu ƙarƙashin matashin Baba yake kwana.