Tunau da Maginan Cikin Ƙashi

A ƙauyen Tudun Kanya akwai wani mutum ana ce da shi Tunau. Babba ne, har furfura ta fara leƙo masa a gemu, ga shi da ƙarfi, buhun gero ba ya ba shi wahala. Abu ɗaya ne da shi: magana yadda aka faɗe ta haka yake ɗaukarta, ba ya leƙa bayanta. In ka ce masa ya sa ido a kan tukunya, to sai ka zo ka janye fuskarsa daga tururi. Mutanen gari ba sa jin haushinsa sosai, don bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, bai kuma taɓa ƙin aike ba.

Su biyu ne a gidan, shi da mahaifiyarsa, Inna Tabawa. Uban ya daɗe da rasuwa. Yayarsa Kulu tana aure a birni, sai da salla ake ganinta. Inna Tabawa 'yar ƙaramar tsohuwa ce, amma ita ke ɗebo ruwanta, ita ke dakanta, ita ke zuwa itace. Ita kaɗai ta iya yi wa Tunau magana, domin takan auna kalma kafin ta sake ta.

Wata rana da damina, Inna ta taho daga rijiya da tulu a ka, santsi ya kwashe ta. Ta faɗi, ƙashin ƙwaurinta ya karye. Mata suka taru, wata maƙwabciyarsu mai suna Larai ta ce, "Tunau, yi maza ka ɗauko mai mota." Tunau ya ruga bakin hanya, ya tarar da direban garin yana shan shayi. Nan take ya saɓa shi a kafaɗa, ya taho da shi yana wutsil-wutsil, ya dire shi a gaban mata. Larai ta ce, "To ina motar?" Ya ce, "Mai mota kika ce." Direba ya koma da ƙafa yana faɗa, Inna kuwa tana kwance a cikin taɓo, ga zafin karaya, ga dariya ta ƙi barinta.

A asibitin birni Kulu ta same su. Aka ɗauki hoton ƙafar, aka gyara ƙashin, aka naɗe shi da farin simintin nan na asibiti. Likitan mutum ne mai son bayani. Ya ɗaga hoton a jikin taga, ya ce, "Mama, mutane suna zaton ƙashi busasshen itace ne. Ba haka ba ne, yana da rai, jini ma yana ratsa shi. A cikinsa akwai wasu 'yan halittu da ido ba ya gani. Wasu magina ne, wasu masu rushewa. Waɗannan su ƙwaƙule wurin da ya tsufa, waɗancan su bi baya su cike da sabo. Yanzu duk maginan sun taru a bakin karayar nan. Kada ki taka ƙafar tukuna, a bar su su yi aikinsu." Tunau ya matsa kusa da hoton, ya daɗe yana kallo. Bai ga kowa ba, amma tunda likita ya faɗa, shi ke nan.

Wata rana, bayan sun dawo gida tare da Kulu wadda ta zo jinya, Tunau ya shigo da azahar ɗauke da ƙatuwar ƙwarya cike da fura da nono, har da ludayi uku. Ya ajiye a gefen ƙafar, ya ce, "Sannunku da aiki. Ga fura." Kulu ta ce, "Da wa kake magana?" Ya ce, "Da maginan. A garin nan ba a sa mutum gini a bar shi da yunwa." Ya zauna yana jira su fito. Maimakon magina, ƙudaje ne suka zo, sai kaji suka biyo baya har kan tabarma. Kulu ta ɗauki tsintsiya, amma Inna ta ɗaga mata hannu. Ta ce, "Tunau, waɗannan maginan ba sa fitowa, kunya gare su. Ta bakina suke ci." Ya ce, "Ashe." Ya miƙa mata ludayi. Daga ranar kullum sai ya kawo ƙwaryar, ya tsaya a kanta har ta ga ƙarshenta, in ta ce ta ƙoshi ya ce ai ba tata ba ce.

Wata rana ta kasuwa, Kulu ta ce, "Je wurin mahauta ka samo wa Inna ƙashi mai kyau." Ita romo take nufi. Tunau ya ɗauki igiya, ya auna ƙwaurin Inna daga gwiwa zuwa idon sawu, ya ƙulle, ya tafi rumfar wani mahauci, Malam Ɗantani. Ya dinga ɗaga ƙasusuwa yana gwadawa da igiyar yana ajiyewa. Ɗantani ya ce, "Lafiya, Tunau?" Ya ce, "Na Inna ne ya lalace, za a sake mata." Mahaucin ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ce, "Ai ba a musanya shi, nata zai gyara kansa. Zo ka gani." Ya ɗora wani dogon ƙashi a kan kututture, ya tsaga shi a tsaye. Tsakiyarsa kamar bututu, bango mai tauri a kewaye, ɓargo a ciki. Can wajen kawunan kuma ciki ya zama saƙa-saƙa, kamar saƙar zuma, siraran ginshiƙai sun gicciya juna. Ɗantani ya ce, "Wannan ƙashin bijimin huɗa ne, ya sha garma. Ka ga kaurin bangon? Har gatari yana jin jiki. Amma wanda aka ɗaure a turke tun yana maraƙi ana ta ɗura masa dusa, ga kitse, ƙashin kuwa ba ya kai wannan." Tunau ya koma gida da ƙashin a tsage, ya hana a dafa, ya zauna a zaure yana leƙa 'yan ramukan. Ya ce wa Larai ya ga ɗakunan maginan, amma sun fita. Miyar ranar dai lami aka sha.

Wata rana lokacin cire siminti ya yi, suka koma asibiti. Da aka tsaga shi, ƙafar ta fito siririya, fatar ta yi fari, ta yamutse. Tunau ya dubi wannan ƙafa, ya dubi waccan, ya ce, "Likita, wannan ba ita muka kawo ba." Likita ya yi murmushi, ya ce, "Ita ce. Zama ne ya rage ta." Ya juya wurin Inna. "Mama, karaya ta haɗe, amma ƙashin bai yi ƙwari ba. Shi ƙashi yana jin nauyi. In kin taka ƙasa, yakan ɗan lanƙwasa, kaɗan ƙwarai, yadda ba za ki sani ba. Wannan ne ke gaya wa magina inda za su ƙara bango, da inda za su kafa ginshiƙi. In suka daɗe ba su ji an taka ba, sai su ɗauka ba kowa a gidan, su ajiye kayan aiki. Masu rushewa kuwa ba sa hutu. Saboda haka daga yau a fara ɗora wa ƙafar nan nauyi, kaɗan-kaɗan."

Suna isa gida Inna ta kwanta don ta huta. Tunau ya je madafa, ya ɗauko ɗan dutsen niƙa, ya zo ya aza shi a hankali a kan ƙwaurinta. Ya ce gobe zai kawo uwar dutsen, jibi kuma turmi. Kulu ta shigo ta gani. Ta ɗauke dutsen, ta zauna a bakin gado ta yi kuka. Ta ce, "Da likitan da kai, duk ba wanda zai ƙara taɓa min uwa. Ta yi wahala iya wahala. Yanzu hutu za ta yi."

Haka kuwa aka yi. Kulu ta jera komai a bakin gado: buta, randar ruwa, kwanon goro, rediyo, carbi, fitila. In Inna ta yunƙura, sai ta ce, "Me kike so? Zauna in kawo miki." Sandar da aka ba su a asibiti ta rataye ta a bayan ƙofa. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya sa wa Kulu albarka. Amma damina ta wuce, aka yi girbi, Inna tana nan a gado. Salla a zaune, alwala a kwano. Ɗaya ƙafar ma ta fara bin 'yar'uwarta. Matar da a da ake jin muryarta daga rijiya, ta koma sai ta yini tana kallon rufin ɗaki. Ta daina tambayar wa ya haihu, wa ya yi aure. Ko shirmen Tunau ya daina ba ta dariya. Shi kuwa yakan zauna a bakin ƙofa ya kasa kunne wajen ƙafar. Da Larai ta tambaye shi, ya ce, "Ina jin kamar sun tafi."

Wata rana aka aiko wa Kulu cewa 'yarta ta fari tana kan gwiwa a birni. Dole ta tafi. Ta roƙi Larai ta riƙa kawo abinci, sannan ta tsayar da Tunau a tsakar gida. Ta ce, "Ka saurare ni da kyau. Duk abin da zai iya sa Inna tuntuɓe, ka kawar da shi daga ɗakin nan. Na biyu, kada ka ƙara kawo mata komai. Ka ji? Komai." Ita duwatsunsa da ƙasusuwansa take nufi. Ya ce, "Na ji, Yaya."

Motar ba ta bar gari ba ya fara aiki. Ya dubi buta, ya ga ana iya tuntuɓe da ita, ya fitar. Randa ma haka, rediyo ma haka, kwanon goro, fitila, har takalma. Ya jera su a ƙarƙashin rumfa, can ƙarshen tsakar gida. Da Larai ta kawo tuwo, ya karɓa ya kai rumfa.

La'asar ta yi, Inna ta ce, "Tunau, miƙo min buta."

"Yaya ta ce kada in kawo miki komai."

"To alwala fa?"

"Butar tana rumfa."

Inna ta lallashe shi, ta yi masa faɗa, ta juya magana ta kowace fuska kamar yadda ta saba, amma wannan karon kalmar Kulu ba ta bar ƙofa ba. Ya tsaya yana murza hularsa, idonsa ya cika da ƙwalla. Can ya ce, "Amma ba ta ce kada in kai ki wurin abu ba."

Inna ta dubi ƙofar. Sannan ta ce, "Sandar da ke bayan ƙofa, ba kawo min za ka yi ba. Sauke ta ka jingina a nan, ni zan ɗauka." Ya yi tunani, ya ga wannan bai saɓa ba. Ta dafa sanda, ta dafa kafaɗarsa, ta sa ƙafa a ƙasa. Zufa ta karyo mata. Kafin su kai rumfa ta huta a hanya ya fi a ƙirga, tana zaginsa a hankali, yana cewa to. Ta yi alwala, ta ci tuwo, ta ɗauki goro. Da za su koma ta ce ya riƙo rediyo, ya ce ba hali.

Kullum haka, salla biyar, tafiya biyar, ban da ta goro da ta jin labarai. Tun tana rataya a jikinsa har ta koma dafa shi da yatsu. Larai ta so ta sa baki, amma da ta ga tsohuwa zaune a rumfa tana tambayar wa aka sa wa rana, sai ta ƙyale su.

Kulu ta daɗe a birni, don haihuwar ta zo da gardama. Ranar da ta dawo, ta shiga ɗaki ta tarar da shi fayau, ba kowa a gado. Ta fito tsakar gida da sauri. Sai ta ji murya daga bayan rumbu ana korar awaki. Ta leƙa, ga Inna a tsaye, sanda a hannu ɗaya, ɗayan yana watsa wa kaji tsaba. Da ta ji yadda aka yi, ta ce lalle sai an koma asibiti a ga ɓarnar da Tunau ya yi.

Likita ya ɗaga sabon hoto kusa da tsohon. Wurin karayar ya yi kauri kamar gaɓar kara, bangon ƙashin ya fito fari sosai. Ya ce, "Wa ya tayar da ke, Mama?" Kulu da kanta ta ba da labari, ba ta rage komai ba, har da nata. Likita ya ce, "Tsoronki ba laifi ba ne, kuma da an yi wannan kafin karaya ta haɗe, da an yi ɓarna. Amma ya zo a kan lokaci." Ya dubi Inna, ya nuna Tunau da kai. "Wannan ɗan naki, ki riƙe shi da hannu biyu."

Suka fito harabar asibiti. Inna ta tsaya, ta miƙa wa Kulu sandar. Ta kama damtsen Tunau da hannun dama, ta ƙara da na hagu.

Kulu ta ce, "Inna, ai ba haka likita yake nufi ba."

Inna ta ce, "Na sani." Ba ta sake shi ba, a haka suka taka har tasha.