Rasuwar Maigadin Ɗakin Sanyi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kuma duk da ɗana Naziru yana tsaye a kaina tun ɗazu wai in ajiye biron nan kafin in ja masa kora, ni Yahanasu mai sharar ofis ina sanar da rasuwar Malam Maigadi, manhajar da ke tsaron babbar kwamfutar makarantarmu a nan Dutsin-Ma. Ya cika ranar Litinin bayan azahar, yana da shekara uku.

Marigayi ba shi da fuska, amma na san shi, don ni ke share ɗakin sanyin da yake zaune, ni kuma na raɗa masa sunan. Makullan kwamfutar duk suna hannunsa. Ko wane ne kai, sai ka faɗi abin da ya kawo ka, ya ara maka makulli na awa ɗaya, ya rubuta sunanka. Maganarsa ba ta wuce "ƙit, ƙit", sai "ba ka da izini". Duk son labarina, ko ɗaya bai taɓa ba ni ba.

Ciwon ajali ya kama shi ranar da makin wata 'yar gidan manya ya tashi daga talatin zuwa saba'in. Marigayi ya rubuta wanda ya shiga. Ba zan faɗi suna ba, amma motarsa kaɗai ake ajiyewa a inuwar darbejiya. Washegari aka ce Maigadi yana sa kwamfuta nauyi. Da yake Naziru ke kula da ita, shi aka sa ya cire shi. Sau biyu kwamfutar tana tambaya ko a goge har da littafin sunayen. Mai motar yana tsaye a bayansa. Naziru ya danna "a goge".

Ya rasu ya bar kalmar sirri guda ɗaya, manne a ƙarƙashin tebur, mutum tara sun san ta, kuma da sunan Naziru take buɗewa. Ya bar Naziru, wanda kwamiti zai tambaya ranar Alhamis wa ya canza makin, ba shi da shaida. Ya bar surukata Raihana, matar Naziru, da har ta fara tambayata ko gonarmu ta Rawayau tana nan, saboda in an kore shi.

Babu wanka, babu likkafani, don ba a rage komai ba. Zaman makoki Alhamis ne, ƙarfe goma, a ƙofar ɗakin kwamiti, inda nake jingine tsintsiya. Mai zuwa ya taho da tabarmarsa. Naziru ba zai karɓi gaisuwa ba. Na karanta masa wannan, ya ɗauki hularsa ya fita, ya bugo ƙofa har agogon bango ya karkace.